Sushi a Jami'a, Acca a Wulaƙance

Wani yayi ya shigo jami'o'inmu. Ɗalibi ya leƙa Abuja ya ɗanɗana sushi, wato shinkafa mai tsami da ɗanyen kifi irin na Japan, sai ya dawo yana yatsina fuska in ya ga gwaten acca, har yana neman a kawo sushi ɗakin cin abincin makaranta.

To, malam ɗalibi, tsaya ka ji. Asalin sushi dabara ce ta adana kifi cikin shinkafa don kada ya ruɓe. Japanawa ba su rena abincin kakanninsu ba, suka yi ta gyara shi, har UNESCO ta sanya girkinsu cikin al'adun gado na duniya a 2013. Cittar da ake cin sushi da ita kuwa, irinta ake nomawa a Kachia da Kwoi.

Ga manomin Kagoro yana kasa accarsa a kasuwar Kafanchan, ɗalibai na can suna layin Indomie. Lalle mahukuntan jami'a su wajabta tuwon acca da kununta a ɗakunan abinci, kuɗin ɗalibi ya koma hannun manomi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.