'Yan Ɗariƙar Dominik a Ƙasar Sakkwato

A shekarar 1216 ne Paparoma ya amince da ɗariƙar da wani malamin Kirista mutumin Sifen, Dominik, ya kafa. Sufayen wancan zamani sun saba killace kansu a gidajen ibada. Su kuwa mabiyansa yawon wa'azi suke yi, suna bara, suna karatu, kamar dai almajirai. Ba aure, ba dukiyar kai, sai biyayya ga shugaba.

Wannan ɗariƙa aka danƙa wa yankin Sakkwato da Katsina bayan an yanke shi a 1953, 'ya'yanta daga Amurka suka sauka Gusau. Tarzomar 1966 ta watse da yawancin masu bin su salla, domin 'yan Kudu ne. Majami'u suka yi wayam. Da waɗansu ne, da sun tattara komatsansu. Su kuwa sai suka fuskanci Maguzawan ƙasar Malumfashi. Ɗayansu, Fada Joseph Kenny, ya duƙufa kan Larabci har ya koyar da ilmin Musulunci a Jami'ar Ibadan.

Kujerar bishop ɗin da Lawton da Dempsey suka riƙe, tun 2011 tana hannun Matthew Kukah, ɗan ƙasar Zangon Kataf.