Kada ka sayi mota da zafinta

Ɗan uwa, ka yi shekaru kana tara kuɗi don ka sayi mota ta hannu, wadda ake ce ma okaziyo. Wataƙila ka saida shanu. Wataƙila bashi ka ci. To, ni a ganina, kada ka yarda ka yi cinikinta da rana, bayan an riga an tada injin ya yi zafi. Ka ce ma dillali za ka dawo da asuba, ka iske motar ta kwana ba a taɓa ta ba. Inji mai sanyi ba shi iya ɓoye cutarshi.

Ga dalili. Inji wuta yake ci. Ruwa ne ke zagayawa cikinshi, ya kwashi zafin ya kai radiyato, iska ta huce shi. Tsakanin kan inji da gangar jikinshi akwai wani faifai siriri, makanikai na ce mishi juwan kilas. Shi ke raba ruwa da mai da wuta. In mota ta taɓa yin zafi ƙwarai, kan inji ya kan lanƙwashe, faifan ya ƙone. Daga nan ruwa da mai sai su gauraye. A ƙasarmu, inda zafin Afirilu da Mayu ke wuce digiri 40, wannan cuta ba baƙuwa ba ce.

Da asuba, kamin a tada mota, buɗe marfin radiyato. Ruwan ya cika? Yana da tsatsa, ko mai na yawo bisanshi? Sannan zaro sandar awon mai, ka kuma duba cikin marfin da ake zuba mai. In ka ga abu kamar kafe da madara, ruwa ya shiga. In ko man sabo ne ƙal, jiya aka canza shi, tambayi dalili. Leƙa ƙasan motar kuma, ko ruwa ya ɗiga da dare.

Yanzu a tada ta, marfin radiyato na buɗe. In kumfa na ta tasowa ba tsayawa, iskar wuta ce ke shiga ruwa. Maida marfin tun injin bai yi zafi ba. Kada ka sake taɓa shi sai ya huce, don ruwan na iya feso ma a fuska ya ƙone ka.

Dubi hayaƙi. Ɗan farin tururi da safiyar hunturu ba komi ba ne, yanzu zai wuce. Amma farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ƙarewa, ruwa ne injin ke sha.

Dillali zai ce ma: "Alhaji, ai ƙaramin gyara ne." Ba ƙarami ba ne. Sai an sauke kan inji, a kai shi a daidaita, a sa sabon faifai. Wani lokaci kan ma ya tsage, sai an sayi wani. Kuma cutar ba cikin gareji take kama ka ba. Sai ka ɗauko fasinja daga Maraɗi za ka Damagaram, cikin daji, ba ruwa ba inuwa.

Ka tafi da makanikenka, wanda ba ya da rabo cikin cinikin, ka biya shi ladarshi. Ku hau titi kamar rabin awa, idonka bisa allurar zafi. In mai motar ya ƙi yarda da haka, ka yi mishi sallama, kuɗinka na aljihu.