Ruwan Shokazoba Ba Abin Wasa Ba Ne

Ina ja da masu fasa shokazobar mota su tsiyaye baƙin ruwan cikinta, su kara masa maganaɗisu ya daskare, ana ɗauka a waya ana shewa. Wasu har cewa suke yi asiri ne. Babu wani asiri. Garin ƙarfe ne da ya fi fulawa laushi, aka dama da mai. In maganaɗisu ya matso, ƙwayoyin ƙarfen su jeru kamar sarƙa, ruwan ya yi tauri. In an janye shi, ya saki.

Jacob Rabinow ne ya ƙirƙiro wannan a Amurka tun shekarun 1940. Kamfanin Delphi ya sa shi a shokazoba da sunan MagneRide, aka fara da Cadillac Seville STS a 2002. Kwamfutar motar ke ƙara wuta ko rage ta, shokazobar ta yi tauri ko laushi kafin ƙiftawar ido. Ana kuma amfani da irinsa a gwiwar ƙafar roba ta Rheo Knee, da kuma rage lilon igiyoyin gadar tafkin Dongting a ƙasar Sin.

To, me mai fasawa ya tsinta? Yawancin motocin da ke titunanmu ba su da wannan ruwa, mai ne zalla a shokazobarsu. Wadda ke da shi kuwa akwai iskar nitrojin a matse a cikinta. Ka sa mata zarto ko wutar walda, tana iya fashewa, ko ta feso maka mai da garin ƙarfe a ido. Wanda ya zuba a ƙasa, ruwan sama ya kwashe shi zuwa kwata da rijiya. Ƙananan maganaɗisun da ake wasan da su kuma, in yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne hanjinsa su huda shi.

Za a ce ai neman ilimi ne. Na yarda ilimi abin nema ne, amma malamin da ke son nuna wa ɗalibai aikin maganaɗisu, garin ƙarfe a kwalba rufaffiya ya ishe shi. Makanikai, ku sallami ruɓaɓɓiyar shokazoba ga masu sayen tsohon ƙarfe, ku gaya musu akwai iska a ciki. Ido ba ya da kasuwar gwanjo.