GONA DA GIDA: Jaki Mai Gadin Dawaki

 A wannan wata za mu yi magana a kan dabbar da kowa ya raina, har in malami ya fusata da yaro a aji sai ya kira shi da sunanta. Watau jaki.

A ƙasarmu ta Gwandu doki ne ɗan gata. Ran hawan salla a Birnin Kebbi shi ake yi wa ado. A barga yake kwana, ga harawa, ga dusa, ga kanwa. Jaki kuwa, tun daga Wurogauri har Kalgo, aikinsa kai taki gona da kwaso shinkafa daga fadama, in ya gama a sake shi ya nemi na bakinsa a juji. Amma akwai ƙasashen da manomi kan sayi jaki don gadi kurum. A Jihar Tekzas ta Amurka da kuma Kanada ana sa shi cikin garken tumaki da awaki da maruƙa, waɗansu har cikin goɗiyoyi masu 'ya'ya, domin wani irin dila da suke kira koyote. A Ostareliya ana sa shi domin karen daji mai suna dingo.

Me ya sa jaki zai tsare doki, alhali doki ya fi shi girma da ƙarfi? Amsar tana cikin halin da Allah ya ba kowannensu. Asalin doki filayen ciyawa ne na Asiya, inda ba wurin ɓuya, saboda haka makaminsa gudu. In ya firgita sai ya zura, ɗan duƙushin da ya kasa bi kuwa shi ke nan. Asalin jaki jakin jeji ne na wajen Sudan da Habasha da Somaliya, ƙasar duwatsu, inda gudu ba ya fid da kowa. Masana sun ce wajen shekara 7,000 ke nan da mutane suka fara aiki da shi. Shi in ya ga abin da bai yarda da shi ba sai ya tsaya cik, ya miƙe kunnuwa, ya duba. Abin da muke kira taurin kai ke nan. Ga shi kuma ba ya shiri da kare da duk dangin kare. Da ya hangi dila sai ya ɓarke da kuka, ya tasam masa da cizo da sara da ƙafafun gaba, in ya juya kuma ya harba. Raina kama ka ga gayya.

Mu a nan ba mu da garken dawaki irin nasu, amma muna da goɗiya da ɗanta a turke, muna da tumaki da awaki a bayan gida, akwai kuma dila da karnukan da ba su da mai su. Wanda yake so ya gwada, ga abin da ya kamata ya sani.

Na fari, jaki ɗaya za a sa. In sun zama biyu ko uku sai su kama abota da juna su manta da garke. Shi kaɗai kuwa, da yake ba ya son kaɗaici, sai ya ɗauki dabbobin nan tamkar danginsa.

Na biyu, a sa mace, ko namijin da aka dandaƙe. Namiji wanda ba a dandaƙe ba yakan ciji ƙananan dabbobi har ya kashe, in kuma ya hau goɗiya alfadari za ta haifa.

Na uku, a saba musu a hankali. A ɗaure shi kusa da su mako ɗaya ko biyu, suna ganin juna, kafin a haɗa. In wata ta haihu a sa ido, gama yakan zaci jaririn baƙo ne. Karen gida ma a nisanta shi. Kada kuma a yi masa dabaibayi da dare, don mai gadin da aka ɗaure wa ƙafa ba ya kāre kowa.

Na huɗu, a kai shi wurin malamin dabbobi tukuna. Akwai wata tsutsar huhu da jaki kan ɗauka ba tare da ya nuna ciwo ba, amma in ta shiga doki sai tari ya kama shi.

Kada mu ruɗi kanmu dai. Ba kowane jaki ne ya iya gadi ba, akwai matsorata. Kare ɗaya ko biyu yana iyawa da su, amma ba ya iya wa taron karnuka ko kuraye, balle ɓarayi masu bindiga. Abin da zai yi a nan shi ne ya ta da maigida daga barci, wannan ma ba ƙaramin taimako ba ne.

Abin baƙin ciki, jakin nan yana ƙarewa a hannunmu. 'Yan kasuwa suna bin ƙauyuka suna saye, a yanka, a kai fatar ƙasar Sin inda ake dafa ta a yi magani. Abin ya yi yawa har Nijar da Burkina Faso suka hana fitar da jakuna a 2016, kuma a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa a hana yanka jaki domin fatarsa. Jaka takan yi wajen wata 12 da ciki, ta haifi ɗa guda. Wanda ya sayar da tasa domin kuɗin mako ɗaya, matarsa da 'ya'yansa ne za su koma ɗaukar ruwa da itace a kā.

Iyaye, ku karanta wa yaranku Littafin Ƙidaya sura 22. Bal'amu sanannen mai duba ne, har sarki ya aika a kira shi, amma jakar da yake hawa ce ta ga mala'ikan Ubangiji a hanya, shi bai gani ba. Sau uku ta kauce masa, sau uku ya dūke ta, ashe ransa take ceto. Ubangijinmu ma da zai shiga Urushalima ɗan jaki ya hau, kamar yadda annabi Zakariya ya faɗa a sura 9.

A kowane gida da kowace ikkilisiya akwai irin wannan mai gadi. Tsohuwa ce da ba ta iya karatu ba, amma ita ke fara lura yarinya ta sāke hali. Dattijo ne mai share ɗakin sujada, wanda kan tsaya a taro ya ce bai yarda da lissafin baiko ba. Mukan ce suna da taurin kai, muryarsu ba daɗi. Kafin mu ɗaga musu sanda, mu tsaya mu tambaya abin da suka hango. Yaranmu kuma mu hana su jifan jaki da dūkansa a banza, gama yaron da ya saba zaluntar dabba ba zai ji tausayin mutum ba.

Allah ya tsare mu da dabbobinmu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.