Kadawa: Kada garin korar kyankyaso daga kabad a sa wa iyali guba

Duk amaryar da aka kai ɗaki a Kura, Bunkure ko Garun Malam a 'yan shekarun nan, da wuya a ga kayanta babu kabad ɗin kicin. Yana cikin abubuwan da 'yan ganin ɗaki ke fara dubawa bayan gado da kujeru. Iyaye kan sayar da buhunan shinkafa, ko su jira cinikin tumatir, domin su biya kafinta. Ranar jere a shirya kuloli da tangaran da robobin kayan miya a ciki, a yi ta ɗaukar hoto.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne halin da kabad ɗin ke shiga bayan shekara ɗaya ko biyu. Ƙasansa ya kumbura, ƙofa ta daina rufuwa, kyankyaso ya tare a bayan durowa, ɓera ya huda bayansa. Daga nan sai a koma ga mafita mafi sauƙi, wato ragowar maganin feshin da maigida ya dawo da shi daga gona.

A nan haɗarin yake. A yankin da kusan kowane gida ke noma rani da damina, kula da kabad ya wuce zancen ado ko gasar tsafta tsakanin mata. Magana ce ta lafiyar duk wanda ke cin abinci a gidan, kuma nauyinta yana kan maigida kamar yadda yake kan uwargida.

Ruwan da ya kawo arziki ya zo da danshi

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako, rayuwa ta sauya a wannan yanki. Hanyoyin ruwan da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su sun mayar da Kadawa da kewayenta cibiyar shinkafa da alkama da tumatir da albasa. A Kadawa ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ke da tashar gwajin noman rani, a nan kuma kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a 2016.

Sai dai ruwan da ke kwana a gona wata goma sha biyu ba ya tsayawa a gona. A ƙauyukan da ke daf da hanyoyin ruwa, ƙasa ba ta bushewa sosai, bango na tsotsar danshi, musamman a lokacin marka.

Yawancin kabad ɗin zamani kuwa ba da katako zalla ake yin su ba. Da allon MDF ake yi, wanda garin katako ne aka kwaɓa da gam aka danne, aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Muddin a bushe yake, yana da kyan gani. Da zarar ruwa ya shiga ta gefen da aka yanka, sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Kusoshin ƙofa su saki, a samu kafa, ƙwari su samu hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matan da suka gabata ba su da kabad, amma sun san wannan matsala. Shi ya sa suke rataye ƙwarya a ragaya, su rufe ta da faifai, su shanya akushi a rana, hatsi kuma yana rumbu a ɗage daga ƙasa. Komai yana shan iska, komai ido na ganinsa. Kabad ya zo da rufin asiri da tsari, amma ya zo da duhu da ɗumi da lungu, abubuwa uku da kyankyaso da ɓera suka fi so.

Kwalbar gona a cikin kicin

Manomin tumatir a Kadawa ba ya rabuwa da maganin feshi. Wanda ya ga ɓarnar da tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta yi a 2016 ba zai yi mamakin hakan ba. Matsalar ita ce inda ragowar maganin ke kwana. A gidaje da dama babu wani ɗaki na musamman, don haka kwalbar kan ƙare a saman kabad, ko a ƙasansa, kusa da galan ɗin manja. Wani lokaci ma a juye ta cikin robar lemo.

Maganin da aka fi ɗauka a fesa wa kyankyaso shi ne mai sinadarin dichlorvos, wanda aka fi sani da sunan Sniper, da kuma haɗin da ake sayarwa a ƙananan kwalabe da sunan fiya-fiya. Sinadari ne da ke bin iska. Idan aka fesa shi a kabad aka rufe, tururinsa na sauka a kan kwano da cokali da buɗaɗɗen garin tuwo. Yana shiga jiki ta baki, ta numfashi, har ta fata.

Hukumomi sun daɗe da sanin haɗarinsa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari a jikinsa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da manyan shaguna, ta taƙaita shi ga dillalan kayan gona. Abin da aka ce bai dace da waken da za a kai wata ƙasa ba, ta yaya zai dace da kabad ɗin da ake ajiye kofin yaro a ciki?

Haka batun yake ga ƙwayar nan da ake jefawa a buhun hatsi, mai sinadarin aluminium phosphide. Da ta ji danshi sai ta fara fitar da iska mai kisa, kuma babu wani magani da ke karya dafinta kai tsaye. An yi ta ne domin rumbun ajiya da ke nesa da mutane. Sa ta a buhun da ke cikin kicin ko ɗakin kwana ganganci ne.

Alamomin gubar maganin feshi sun haɗa da dalalar da yawu, gumi, amai, zawo, ƙanƙancewar ƙwayar ido, wahalar numfashi da jijjiga. Al'adar ɗura wa wanda ya sha manja ko madara, ko a sa masa yatsa ya yi amai, ba ta karya gubar, tana ma iya tura ta cikin huhu. Abin yi shi ne a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san irin gubar da zai tunkara.

Tsoron ɓera yana da hujja

Wannan ba yana nufin a zuba wa ƙwari ido ba ne. Matar da ta ga kashin ɓera a cikin kwanonta tana da gaskiya idan hankalinta ya tashi.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa idan suka taɓa abinci ko kwano. Ya fi tsananta da rani, daidai lokacin da gidajen Kura ke cike da shinkafar da ake turarawa ana shanyawa. Kano ba baƙuwarsa ba ce, domin a watan Janairun 2020 cutar ta yi ajalin mutane a jihar, har da likitoci.

Akwai kuma fumfuna. Gyaɗa da masara da busasshen barkono da suka sha danshi a lungun kabad na iya ɗaukar dafin da ake kira aflatoksin, wanda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Uwargida ta kankare koren da ta gani a sama ta zuba sauran a tukunya, tana ganin ta yi tattali, alhali dafin yana ciki.

Ke nan matsalar gaskiya ce. Kuskuren yana cikin maganin da ake zaɓa mata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: abin da ke kawo ƙwari shi ne abinci a buɗe, maiƙo, ruwa da kafar shiga. Feshi yana kashe waɗanda suka fito, amma bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan huɗun ba. Ƙwan kyankyaso ma yana cikin wani kwanso mai tauri da ke kare shi, shi ya sa bayan 'yan makonni ake ganin sababbi, a sake komawa ga kwalba.

Abin da ke aiki

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Aƙalla sau ɗaya a wata a fitar da komai daga kabad. Jihar Kano tana da ranar tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, kuma babu abin da ya hana a mayar da safiyar ranar ta zama ta kabad, tunda kowa yana gida.

A goge ciki da tsumman da aka tsoma a ruwan ɗumi mai sabulun wanke-wanke, a matse shi sosai. Kwara ruwa a allon MDF shi ke kashe shi. A bi da busasshen tsumma, a bar ƙofofin a buɗe har ya sha iska kafin a mayar da kaya. Saman kabad da wajen hannun ƙofa su ne matattarar maiƙo da hayaƙi, su ne kuma aka fi mantawa da su.

Idan an ga kashin ɓera, kada a share shi a bushe, domin ƙurarsa na tashi a shaƙa. A jiƙa wurin da ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin kashi tara na ruwa, a bar shi minti biyar, a sa leda a hannu a kwashe, sannan a wanke duk kwanon da ke wurin. Kada kuma a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, domin haɗin na fitar da iska mai cutarwa.

Gari da shinkafa da wake da kuka da kuɓewa su koma cikin roba ko bokiti mai murfin da ke kamawa. Kauɗar tumatir da barkono su bushe ƙarau kafin a adana su. Kwano kuma kada ya shiga kabad da jiƙa. Wanda zai ajiye wake da yawa, akwai buhun PICS mai rufi uku, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ko ɗigon magani ba.

Ramukan bango a toshe su da siminti. Ɓera kuma tarko ya fi masa guba, domin wanda ya ci guba kan je ya mutu a inda hannu ba ya kaiwa, ita kuma gubar tana nan inda yaro mai rarrafe ko kaza za su iya samu.

Ba aikin mace kaɗai ba ne

Wasu za su ce wannan duk aikin mata ne, kabad ma ai kayan ɗakinta ne. Wasu kuma za su ce matar da ta wuni tana turara shinkafa, ga girki ga raino, ina ta ga lokacin fitar da kwanuka ɗaya bayan ɗaya, alhali feshin minti biyu ya wadatar?

Maganar gajiya gaskiya ce, kuma ita ce ma dalilin da ya sa bai kamata a bar mata aikin ita kaɗai ba. Maigida ne ke sayo maganin feshi, shi ya san ƙarfinsa, shi ke rufe hanci idan zai fesa a gona. Samar da akwati mai kwaɗo a wajen kicin, inda yara ba sa kaiwa, nauyinsa ne. Haka huda kwalbar da ta ƙare domin kada a mayar da ita ta zuba mai ko gishiri. Janye kabad daga bango da toshe rami ma aikin ƙarfi ne da shi da samarin gida za su gama cikin awa guda.

Kafintoci su ma suna da rawar takawa. Wanda zai yi wa 'yar Kadawa kabad ya san inda za a kai shi. Ya sa masa ƙafafun ƙarfe ko na roba da za su ɗaga shi kamar taƙi guda daga ƙasa, yadda tsintsiya za ta shiga. Ya rufe duk gefen da ya yanka, ya bar ƙofar iska mai raga a baya. Iyayen amarya kuma su riƙa tambayar irin allon da aka yi amfani da shi kafin su tambayi launi. Ƙaramin kabad na katako mai kyau ya fi babba mai sheƙi da ba zai ga damina uku ba.

Masu shagunan maganin gona su daina tsiyaya wa mata da yara magani a ƙananan kwalabe marasa suna. Malaman gona na KNARDA da ƙungiyoyin masu amfani da ruwan noman rani, waɗanda ke koya wa manomi yadda zai auna magani a gona, su ƙara da yadda zai ajiye shi a gida. Jami'an duba-gari na ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, da malaman Islamiyyun matan aure, su ne suka fi kowa kusa da waɗannan gidaje, kuma maganarsu tana shiga.

Yankin Kadawa yana ciyar da Kano da sauran sassan Najeriya. Bai dace a ce gidan da ya noma abincin shi ne ke cin sa gauraye da guba ko fitsarin ɓera ba. Kafin a sake fesa wa kabad magani, a fara fitar da abin da ke cikinsa a duba. Sau da yawa za a tarar abin da yake buƙata bai wuce sabulu da iska da murfi mai kamawa ba.