"Ba Na Aiki, Buga-buga Nake Yi": Tsakanin Burin Ɗalibi da Abin da Ya Tarar

Kwanakin baya na gamu da wani yayanmu na karatu a tashar mota ta Maraɗi. Shekara huɗu ke nan da ya kammala digirinsa a kimiyyar harshe, kuma a zamaninsa shi ake rububin zama kusa da shi in an shiga darasin tsarin sauti. Bayan mun gaisa sai na tambaye shi inda yake aiki. Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, ai ba na aiki, buga-buga kawai nake yi." Da hira ta yi nisa na gane abin da yake kira buga-buga. Da safe yana fassara labarai daga Faransanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo mai zaman kansa, da marece yana koyar da manya karatu da rubutu, ranar kasuwa kuma yana taya kawunsa tsaron shago. Da wannan yake ci da iyalinsa, har yana taimakon mahaifiyarsa. Amma a bakinsa ba ya aiki.

Tun daga ranar maganar take cina, domin mu da muke nazarin harshe bai kamata irin wannan furuci ya wuce mu ba. A Hausar iyayenmu kalmar "aiki" faffaɗa ce: akwai aikin gona, aikin ƙira, aikin jima, aikin gida. Sai ga shi a bakin ɗan boko ma'anarta ta tsuke, har "ma'aikaci" ya koma nufin mutum guda: wanda gwamnati ta ba lamba, yake karɓar albashi ƙarshen wata, yake jiran fansho. Duk wanda ba ya cikin wannan da'ira, ko da gumi yake yi daga asuba zuwa isha, sai a ce "yana zaune".

Wannan tsukewar ma'ana tana da tarihi. Makarantar da Faransawa suka kafa ta horar da akawu da tafinta da malami ne domin ofis. Bayan samun mulkin kai a 1960 ƙasa tana ƙishirwar ma'aikata, kuma kuɗin yuraniyom na shekarun 1970 ya ba gwamnati ikon ɗaukar kusan duk wanda ya fito da takarda. Da farashin ya faɗi a shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, ƙofar ta fara rufewa, daga baya kuma aka koma cika azuzuwa da malaman kwantaragi. A halin yanzu, ban da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ga jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauran jihohi, kowace tana yaye ɗalibai duk shekara. Masu takarda sun ƙaru, kujerun ofis ba su bi su ba, mu kuwa muna nan riƙe da burin da aka ɗinka wa iyayenmu.

Mu faɗa wa juna gaskiya: in aka shiga ajin firamare aka tambayi yara abin da suke son zama, za a ji likita, alƙali, soja, ma'aikacin duwan. Da wuya a ji yaron da zai ce masanin harshe. Da yawanmu mun shigo wannan sashe ne bayan wata ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai daga baya muka ɗanɗana muka ji zaƙi. Ke nan tun kafin mu gama karatu mun riga mun taɓa sauya buri sau ɗaya, kuma ba mu mutu ba.

Duk da haka ba na cikin masu lallashin matasa da cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, su yi shiru. Akwai hasara ta gaske a nan. Iyaye sun sayar da amfanin gona da dabbobi don ɗansu ya yi karatu, suna jiran ranar da zai ɗauke musu nauyi. Wanda ya gama bautar ƙasa aka sallame shi ba tare da komai ba, da malamin kwantaragin da ke ƙauye yana jiran ɗan abin da za a biya shi, da ƴar'uwarmu da ta ajiye digirinta a ƙasan akwati saboda babu inda za ta kai shi, ba ƙarancin haƙuri ke damunsu ba. Ƙasar da ta kashe dukiya ta horar da mutum, sannan ta rasa inda za ta sa shi, ita ma ta yi asara.

Abin takaicin shi ne aikin da muka koya yana nan jibge yana jiran mai yi. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, wa zai rubuta littattafan makaranta? Wa zai ƙirƙiro kalmomin lissafi da shari'a da likitanci? Wa zai tsaya tsakanin alƙali da talakan da ba ya jin Faransanci, inda kuskuren kalma ɗaya kan iya kai mutum kurkuku? Dubi allunan talla da saƙonnin faɗakarwa da ke cike da kurakuran rubutu, a ƙasar da take da ƙa'idar rubutun Hausa tun 1999. Sau da yawa wanda ke kusa ake miƙa wa wannan aiki, don ana ganin duk mai jin Hausa ya iya fassara.

Saboda haka kirana kashi uku ne. Ga malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, muna roƙon a haɗa mana nazari da sana'a: fassara, tafinta, tace rubutu, haɗa ƙamus, sarrafa harshe a kwamfuta, tare da tura ɗalibi gidan rediyo ko kotu ko asibiti kafin ya fita. Ga hukuma, matsayin da aka ba harshe a takarda ba zai yi amfani ba sai an buɗe masa guraben aiki, an kuma shardanta cewa ƙwararre ne zai riƙe su. Ga mu ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai ya karɓi digiri kafin ya fara fassara shafi ɗaya, ko ya koyi wani harshen ƙasa bayan nasa, ya makara.

Da za mu rabu na ce wa yayan nan nawa, "Yaya, mutum nawa ke sauraron labaran da kake fassarawa?" Ya yi shiru, sannan ya ce har ƙauyensu ana ji, mahaifiyarsa ma ba ta bari su wuce ta. Na ce masa in wani ya sake tambayarsa, don Allah ya ce shi mai fassara ne. Ya yi dariya ya ce zai gwada, amma in roƙa masa Allah ya sa a fara biyansa kan lokaci.