Malamin ƙananan yara: gurbin karatun da muke rainawa



Duk shekara idan Hukumar JAMB ta buɗe rajista, gidajenmu kan cika da shawarwari a kan abin da yaro zai karanta. Likitanci da lauya da injiniya su ne a bakin kowa. Fannin koyar da ƙananan yara kuwa, wato horon da ake ba wanda zai riƙe yaro tun daga goyo har ya shiga firamare, ba a tuna shi sai maki ya gaza, an rasa inda za a cusa ɗalibi. Muna ganin wannan kuskure ne babba, kuma mu al'ummar Musulmi muna cikin waɗanda ya fi cutarwa.

A shekarar 2025, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a shi ne 150 cikin 400, na kwalejojin ilimi kuwa 100. An sassauta ne don a jawo masu nema, domin masu zaɓar kwalejin ilimi da farko ba su da yawa. Amma saƙon da ya isa kunnen iyaye shi ne cewa malanta aikin wanda ya rasa abin yi ne. Sakamakon haka, yaron da ke shekarun da harshe da ɗabi'a suke kafuwa yakan faɗa hannun wanda bai so aikin ba, bai kuma koyi yadda ake yin sa ba.

Alhali hukuma da kanta ta ɗaukaka wannan mataki a rubuce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya na firamare. Ga makarantun nazare da na Islamiyya masu ajin yara suna ta ƙaruwa a unguwanninmu. Ajujuwa sun samu, ƙwararrun da za su tsaya a cikinsu ne suka yi ƙaranci.

Magabatanmu ba su raina wannan aiki ba. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda, Adabul Mu'allimina, a kan ladubban mai koyar da yara. A ciki ya yi magana a kan daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, da iyakance horo, da ladan malami. Ibn Khaldun ma a Muƙaddima ya yi gargaɗi cewa tsananta wa yaro yana koya masa ƙarya da yaudara da kasala. To idan malaman fiƙihu da tarihi sun ga abin ya isa a yi masa rubutu, da wace hujja za mu mayar da shi juji?

Ga ɗalibin da ya yi niyya, hanyoyi biyu ne fitattu. Ta farko ita ce neman digirin ilimi a fannin koyar da ƙananan yara ta jarrabawar JAMB, karatun shekara huɗu. Jami'ar Ibadan da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa suna cikin masu koyar da shi. Ta biyu ita ce shiga kwalejin ilimi a sami shaidar NCE a shekara uku, sannan a nemi shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Galibi jami'o'i na neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Ingilishi. Kafin a biya kuɗin rajista, a duba kundin JAMB a tabbatar da darussan da makarantar take buƙata, kuma a tabbatar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ko Hukumar Kwalejojin Ilimi ta amince da kwas ɗin. Bayan kammalawa akwai rajista da Majalisar Rajistar Malamai, wadda ita ce ke ba da lasisin koyarwa.

Abin da ake koya ba raino kawai ba ne. Ana nazarin yadda ƙwaƙwalwa da harshen yaro suke girma, da koyarwa ta hanyar wasa, da lafiya da abinci, da gano yaro mai matsalar ji ko gani tun da wuri, sannan a fita koyarwar gwaji a aji. Hafizi ko hafizar da ta haɗa wannan da karatunta na addini za ta san dalilin da ya sa ɗan shekara huɗu ba ya iya zama awa biyu wuri guda, ta kuma san yadda za ta biya masa harafi ba tare da bulala ba.

Ba mu ɓoye cewa albashin wannan aiki, musamman a makarantu masu zaman kansu, ba ya kai ma'aikaci ko'ina. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma nauyinsa yana kan masu makarantu da kwamitocin masallatai da mu iyaye. Wanda yake son a riƙe masa ɗa da kyau, to ya yarda a biya mai riƙon hakkinsa cikakke kuma a kan lokaci. Mawadata da ƙungiyoyinmu na iya ɗaukar nauyin karatun ɗalibai biyu ko uku daga kowace unguwa, da sharaɗin su dawo su koyar a Islamiyyarta.

Muna kira ga iyaye, idan ɗa ko 'ya mai ƙoƙari ta ce wannan fanni take so, kada a karya mata gwiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba kowane hannu ne ya iya tanƙwarar ba tare da ya karya ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya saka wa malamansu da alheri.